Shin Doka Za Ta Iya Hana Zubar Da Abinci? Amsa Ga Wata Mai Girkin Biki

"Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata girkin biki da walima, kuma ina da ɗan gidan abinci a Kaduna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan abincin da ake kwashewa zuwa bola bayan an tashi daga taro, alhali ga mutane nan a bakin ƙofa ko na dare ba su da shi. Na ji a rediyo cewa a Faransa gwamnati ta hana manyan kantuna zubar da abinci, a Koriya ta Kudu kuma wai sai mutum ya biya kuɗi kafin ya zubar da ragowar abincinsa. Da gaske waɗannan dokoki suna aiki? In suna aiki, me ya hana gwamnatinmu ta kwaikwaya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, dokokin nan biyu suna nan kuma ana aiki da su. Tambayarki kuwa gida biyu ce: ko sun rage zubar da abinci a can inda aka yi su, da kuma ko za su zauna in an ɗauko su an dasa a Kaduna ko Kano ko Maraɗi. Aikina ya shafi adana amfanin gona da kula da abinci bayan girbi, tare da manoma da dillalai da masu ɗakunan girki na otal da makarantun kwana, don haka ta wannan fuskar zan amsa miki, ba ta fuskar lauya ba. Ra'ayina shi ne dokokin sun yi aiki, amma kowacce iya inda hannunta ya kai, kuma duk inda kika ga sun yi tasiri za ki tarar akwai mota da ɗakin sanyi da mai karɓa suna jira a ƙofar baya. Inda babu waɗannan, doka takarda ce kawai.

Ina abincin yake salwanta?

Sai an san zangon da abinci ke ɓacewa kafin a san maganin da ya dace. Akwai wanda ke lalacewa tun daga gona zuwa bakin kasuwa: hatsin da ƙwari suka cinye a rumbu, tumatirin da ya dame a cikin mota, kifin da ya ruɓe kafin ya samu ƙanƙara. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta wannan da kusan kashi 13 cikin 100 na abincin duniya, a Afirka kudu da Sahara kuwa ya kai wajen kashi 20. Sai kuma wanda ya iso lafiya har hannun mai kanti da mai gidan abinci da uwar gida, sannan aka zubar. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da tan biliyan 1.05 ta wannan hanya. A ciki gidaje ke da kashi 60, gidajen abinci da makamantansu 28, kantuna kuma 12 kacal. Ki lura da wannan 12 ɗin, domin a kansa dokar Faransa ta hau. Tun 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage irin wannan zubarwa da rabi kafin 2030, kuma da yawa daga cikin dokokin da kike ji sun biyo bayan wannan alkawari ne, ko da yake na Koriya ta Kudu sun riga shi.

Dokar Faransa

Abin da ya tunzura Faransawa shi ne ɗabi'ar wasu manyan kantuna ta zuba sinadarin wanki a kan abincin da bai sayu ba kafin su jefa shi bola, don kada mabuƙata su tsinta. Wani kansila a garin Courbevoie kusa da Paris, Arash Derambarsh, ya tattara sa hannun jama'a, magana ta kai majalisa, aka kafa dokar a watan Fabrairun 2016. Ana kiranta da sunan ɗan majalisar da ya jagorance ta, Guillaume Garot. Ta haramta lalata abincin da ke ciwuwa da gangan, ta kuma wajabta wa duk kantin da faɗinsa ya haura murabba'in mita 400 ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar agaji wadda za ta riƙa karɓar abin da ya rage. Ta jera matakai kuma: a fara da hana ragowar tun asali, in ta samu a ba mutane, in bai dace da mutane ba a ba dabbobi, sai a ƙarshe a yi taki ko iskar gas da shi. Tarar farko yuro 3,750 ce. A 2020 aka ƙara ta, ta yadda wanda ya lalata abinci zai iya biyan har kashi 0.1 cikin 100 na cinikin shekara.

To Hajiya, yuro 3,750 ba kuɗin da zai hana kamfanin manyan kantuna irin Carrefour barci ba ne. Abin da ya ɗauki nauyin dokar yana ƙarƙashinta tun kafin a rubuta ta. A Faransa, kamfanin da ya ba da kyautar abinci yana samun rangwamen haraji na kashi 60 cikin 100 na darajar kayan, alhali in ya zubar sai ya biya masu kwasar shara. Kin ga lissafin kansa ya karkata ga bayarwa. Sannan akwai masu karɓa da suka daɗe a tsaye. Bankunan abinci na ƙasar sun fara tun 1984, ƙungiyar Restos du Cœur tun 1985, suna da motoci masu sanyi da sito da dubban 'yan sa-kai. Ita kuma yarjejeniyar rubutacciya ta fayyace lokacin da alhakin abincin ke barin wuyan mai kanti ya koma wuyan ƙungiya, wanda shi ne babban abin da 'yan kasuwa ke tsoro: kada a ba da abu don Allah, wani ya ci ya kamu da ciwon ciki, a wayi gari a kotu.

Kyautar abinci ta ƙaru bayan dokar, ƙananan rassan da a da ba su damu ba suka shigo layi. Amma matsaloli sun biyo baya, kuma su ne ba a cika faɗa a rediyo ba. Dokar ba ta ce ga adadin da za a bayar ba, yarjejeniya kawai ta nema. Kantuna kuma suka ƙware wajen karya farashin kayan da wa'adinsu ya kusa, ga manhajojin waya irin Too Good To Go da ke sayar da ragowar yini da araha. Wannan alheri ne ta fuskar rage zubarwa, sai dai abin da ke isa ga ƙungiyoyin agaji ya zama na ƙarshen ƙarshe. Ƙa'ida ta ce kayan da ke saurin lalacewa a ba da su da sauran aƙalla awa 48 a wa'adinsu, duk da haka ƙungiyoyin sun yi ta kukan cewa ana turo musu abin da sai sun zauna sun tsince, su kuma biya kuɗin zubar da ruɓaɓɓen. Wato wani lokaci bolar ce kawai ta canza adireshi. Wannan ya kamata ya tsaya a ran duk mai shirin yin irin wannan doka a wurinmu.

Daga baya an faɗaɗa ta zuwa manyan ɗakunan girki na makarantu da asibitoci da masana'antun abinci, kuma tun Yulin 2021 wajibi ne gidan abinci ya ba mai saye abin da zai ƙunshe ragowarsa in ya nema. Italiya ta yi tata a shekarar 2016 ita ma, amma ba ta sa tara ba, sauƙaƙa takardu ta yi, ta kuma ba ƙananan hukumomi damar rage wa mai bayarwa kuɗin shara. Duka biyun ba su shiga cikin gida ba, inda fiye da rabin abincin da Turai ke zubarwa yake fitowa.

Koriya ta Kudu: sikeli a bakin bola

Koriya ce ta shiga gidan. Abincinsu ana jera shi ne da ƙananan kwanoni masu yawa na ganye da kifi da kayan tsami a gefen shinkafa, kuma da wuya a cinye duka. Ƙasar ƙarama ce, filin binne shara ya yi ƙaranci, ruwan da ke tsatsowa daga jujin ya addabi maƙwabta. A 1995 suka fara tsarin biyan kuɗin shara gwargwadon yawanta. A 2005 suka hana binne ragowar abinci. A 2013 suka wajabta wa kowa ware ragowar abinci daban da biyan kuɗinta. Wasu suna sayen leda ta musamman, kuɗin ledar shi ne harajin. A manyan gidajen bene kuwa akwai na'ura: ka taɓa katinka, murfi ya buɗe, ka zuba, ta auna nauyi, a ƙarshen wata ka ga lissafi. Ƙasar da a tsakiyar shekarun 1990 ba ta sarrafa fiye da kashi 2 cikin 100 na ragowar abincinta, yanzu tana mayar da kusan kashi 95 zuwa taki da abincin dabbobi da iskar gas.

Nasara ce babba, amma a san wace iri ce. Nasarar sarrafa abin da aka riga aka zubar ce. Rage zubarwar kanta ta samu, musamman a gidajen da ke da na'urar, sai dai ba ta kai girman waccan ba. Yawancin nauyin ragowar abinci ruwa ne, matan gida kuwa nan da nan suka gane cewa in ka matse ruwan kafin ka kai sikeli kuɗin ya ragu. Wannan yana sauƙaƙa wa motocin kwasa, amma shinkafar da aka noma aka dafa aka ƙi ci tana nan a zubarta. Duk da haka akwai abin da na yarda da shi ƙwarai a tsarin: mutum yana ganin lamba. Uwar gidan da ta ga kilo nawa gidanta ya zubar a wata ba za ta sake auna shinkafa kamar da ba.

Shin za a iya yin haka a Kaduna? A yanzu a'a. Tsarin ya tsaya ne a kan motar da ke zuwa kullum ba fashi, da masana'antar da ke karɓar kayan, da adireshin kowane gida. A unguwar da motar shara kan yi makonni ba ta leƙo ba, in aka ce sai an biya kafin a zubar, cikin dare za a juye shi a kwata, damina ta zo a sha ambaliya. Ko a Koriya sai da aka yi fama da masu zubarwa a ɓoye, aka bi su da kyamarori da tara.

Sauran ƙasashe kowa da tasa dabarar. Sin ta yi doka a Afrilun 2021 wadda ta ba da damar cin tarar gidan abincin da ke zuga mutane su yi odar fiye da cikinsu har yuwan 10,000, da masu yaɗa bidiyon gasar haɗama har yuwan 100,000. Birtaniya ta fi dogara da wayar da kai da yarjejeniyar son rai ta hannun ƙungiyar WRAP, kuma tsakanin 2007 da 2012 abincin da ke ciwuwa da gidaje ke zubarwa ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100, ko da yake tsadar rayuwa ta waɗannan shekaru ta taimaka. Manyan kantunansu ma sun cire kwanan wata daga jikin ɗanyun kayan lambu da yawa, don mutane na zubar da lafiyayyen abu saboda rubutun kawai. A Japan abincin da ke ciwuwa da ake zubarwa ya sauko daga tan miliyan 9.8 a 2000 zuwa miliyan 4.72 a 2022. Akwai wata 'yar dabara tasu da ta fito daga birnin Matsumoto wadda ta shafi sana'arki: a wurin liyafa mai gabatarwa kan roƙi baƙi su zauna su ci na minti 30 na farko da minti 10 na ƙarshe, maimakon yawon gaisawa har abinci ya huce.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu yana Mina. Tsofaffin alhazai sun san yadda a da naman hadaya kan yi yawa har ya ruɓe a rana a binne shi. Ba wa'azi aka rasa ba a lokacin, kowa ya san ayar Suratul A'araf da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna. Abin da ya canza lamarin shi ne shirin da Saudiyya ta kafa a 1983 ta damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulunci: mayanka na zamani, likitocin dabbobi, ɗakunan daskarewa, da jigilar naman zuwa mabuƙata a ƙasashe da dama. Niyyar alheri tana nan tun fil azal, kayan aiki ne suka sa naman ya kai bakin mai yunwa.

Mu kuma fa?

Babbar ɓarakarmu tana kan hanya ne tsakanin gona da kasuwa, kuma tumatir ya isa misali. Ana tsinkarsa a Kadawa ko Kura da rana tsaka, a danna shi a kwandon da ke cin kilo 50 ko fiye, a yi masa tozo, a jibga kwando kan kwando a tirela, a kama hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas, wajen kilomita 1,000. Na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama, tsinin kwandon yana huda fatarsa, zafi yana dafa shi, kowane shingen kan hanya da kowane mai yankar rasit yana ƙara masa awanni. An sha ƙiyasta asarar tumatirin Najeriya da kashi 40 cikin 100 ko fiye. Kiret na roba mai cin kilo 20 zuwa 25, wanda ke hawa kan ɗan'uwansa ba tare da ya danne kayan ciki ba, yana rage wannan asara ƙwarai, na gani da idona a wurin sauke kaya. Me ya hana shi karɓuwa? Yana da tsada, sai an dawo da shi Arewa fanko, yana ɓata a hanya, kuma ciniki gaba ɗaya a kan kwando aka gina shi, daga kamashon dillali har ladan ɗan dako. Ga aikin gwamnati a fili: wurin hayar kiret a manyan kasuwanni, rumfar inuwa a wurin tara kaya, da kawar da shingayen da ke tsayar da motar kayan gwari. Ko masana'anta ba ta wadatar ita kaɗai. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda ƙarancin kaya, tun daga ɓarnar tsutsar tumatir ta wannan shekarar har saɓanin farashi da manoma.

Akwai kuma abin da ya yi nasara, don kada ki ce duk labarin baƙi ne. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali ne daga binciken da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007 a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, ana ma ƙera shi a Kano. In aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Ya karɓu ne domin malaman gona sun bi ƙauye ƙauye, an ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni an kwance a gabansu. Ki kwatanta da masu zuba wa wake fiya-fiya, ɗabi'ar da ta jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, ta kuma jefa lafiyar masu ci a haɗari. Haka albasar Aliero da ta Galmi: gyaran rudu ya samu inuwa da iskar da ke ratsawa ta ƙasa ya fi kowace tara amfani. Haka shanya kauɗa a kan gado mai tsabta maimakon bakin kwalta. Haka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana irin na kamfanin ColdHubs, inda mai kayan gwari ke biyan kuɗin kiret na kwana.

Gidajenmu ma ba su kuɓuta ba. Rahoton 2024 ɗin nan ya ƙiyasta wa Najeriya kilo 113 ga kowane mutum a shekara, sama da matsakaicin duniya na kilo 79. A yi hattara da lambar, domin ta haɗa da ɓawon doya da ƙashi da totuwar masara, waɗanda ba wanda zai ci. Gidan Bahaushe na gargajiya kusan ba ya zubar da komai: tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya a yi kwaɗo ko a jiƙa wa dabbobi, dusa ta awaki ce, tsaki na kaji. A birni ne abin ya sauya. Ba akuya a tsakar gida, an dogara da firiji, wuta kuwa ta ɗauke kwana biyu, miyar mako guda ta yi tsami. Saboda haka nake gaya wa jami'an da ke neman shawarata cewa a ƙasarmu tsayayyiyar wutar lantarki tana cikin manyan dokokin hana zubar da abinci, ko da ba a rubuta ta da wannan suna ba.

Taron biki da gidan abinci

A nan ne ɗan guntun dokar Faransa zai iya zama, kuma jiha ma za ta iya yi ba sai an jira Abuja ba. Manyan otal da ɗakunan taro da manyan kantuna ba su da yawa, an san adireshinsu, kuma duk shekara suna sabunta lasisi. Ana iya sa sharaɗi cewa sai sun nuna yarjejeniya da wani gidan marayu ko ƙungiyar da ke ciyar da majinyata ko hukumar zakka kafin a sabunta. A haɗa da kariya ga mai bayarwa da kyakkyawar niyya, irin dokar da Amurka ta yi tun 1996, da ɗan sassaucin kuɗin shara ko haraji. Amma kafin duk wannan a tanadi masu karɓa da abin hawa da kuloli, in ba haka ba za a maimaita kukan ƙungiyoyin Faransa a ƙasar da ta fi Faransa zafi nesa ba kusa ba. Lardin Punjab na Pakistan ya bi wata hanya a 2016, ya taƙaita abincin biki zuwa kala ɗaya. Masu hali suna samun hanyar kaucewa, amma ta ba mai ƙaramin ƙarfi hujjar da zai kare kansa daga gori. Ni dai ban ga alamar irinta za ta yi ƙarko a wurinmu ba sai sarakuna da malamai da manyan mata masu faɗa a ji a harkar biki sun riga gwamnati yarda.

Wata magana kuma da ba zan tsallake ba. Mutane kan ce ai mu ba ma zubarwa, almajirai na nan. Ba wa almajiri abinci mai kyau sadaka ce. Juye masa shinkafar da ta kwana ta fara yauƙi, ko tarkacen da aka kankare daga farantai goma, cutarwa ce, kuma yaron nan ba shi da kuɗin asibiti.

Ke kuma, Hajiya, akwai abin da ke hannunki tun kafin wata doka. A duk ɗakin girkin da na shiga, abin da nake fara nema shi ne bokiti uku da sikeli. Ɗaya na ɓawo da ƙashi, ɗaya na abin da aka dafa ko aka ajiye bai kai ga faranti ba, ɗaya na abin da ya dawo daga faranti. A auna kowane dare a rubuta, na 'yan makonni. Ki fara gaya wa ma'aikatanki cewa ba don a kama ɓarawo ko a yanke albashi ba ne, in ba haka ba za su ɓoye miki gaskiya. Kusan ko'ina shinkafa ce ke cika bokiti na biyu da na uku, nama kuwa da wuya ya dawo. In na uku ne ya fi nauyi, zubin ya yi yawa: a rage cokali, a rage girman faranti, mai son ƙari ya dawo. In na biyu ne, hasashen yawan baƙi ne ya kauce.

Na san wahalar hasashe a bikinmu, inda katin mutum ɗaya ke kawo mutum biyar, uwar amarya kuma ba abin da take tsoro kamar a ce abinci bai isa ba. Maganin da na ga yana aiki shi ne girki zango biyu. A dafa kaso mafi yawa, a bar saura a wanke a shirye, miya tana nan, ruwa yana kan wuta. In taro ya cika, cikin ƙasa da awa guda an sauke wata tukunyar. In bai cika ba, ɗanyar shinkafa ba ta lalacewa. Kada kuma a zuba komai a faranti ko a robar tekawe tun baƙi ba su zauna ba. Abin da ya rage a kula, hannu bai taɓa shi ba, shi ne ake iya bayarwa da mutunci.

Sai ki kiyaye lokaci, don a nan ne alheri kan juye ya zama cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai: ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Shinkafa ta fi kowa haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi ta saki dafin da ɗumamawa ba ya kashewa. Dinar da aka tashi ƙarfe 11 na dare, abincin da aka sauke tun la'asar, in ba a riƙe zafinsa ba bai kamata ya kai safiya a ba wani ba, na dabbobi ne ko taki. Don haka ranar da kike karɓar kuɗin aiki ki tambayi masu biki abin da suke so a yi da ragowar, ki samu amincewarsu, ki sanar da gidan da za a kai tun kafin ranar, ki kuma yi magana da mai Keke Napep ɗin da zai tsaya a ƙofar baya. Ki sa kuɗinsa da na robobi a cikin lissafin aikin tun farko, kuma ya ɗauki kason farko da zarar an gama rabon baƙi, kada a jira sai an tashi.